Kalmar da Kawu Ya Bari a Bayan Akwati

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, ina zaune cikin mata a tsakar gidanmu na Ƙofar Rini, ina jin yadda ake yi masa ƙarya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba ƙaryar ƙiyayya ba ce. Ta rufin asiri ce, kuma ita ta fi yi mini ciwo.

Wata baƙuwa, surukar maƙwabta, ta gama "ya hanƙuri, ya hanƙuri," ta gyara mayafi, ta tambayi sana'ar marigayin. Inna ƙarama, autar su Kawu, ta yi wuf ta amsa tun kafin wani ya buɗe baki.

"Gyaran rediyo shika yi, baiwar Allah."

Na ce, "Inna, wane rediyo? Mutumen da ko nashi yal lalace kasuwa shika aikawa da shi?"

Wata ta cusa bakin mayafi a baki don kada dariya ta kuɓuce mata a gidan makoki. Inna ta watso mini hararar da take yi mini tun ina yarinya, ta ce, "Ke dai har kin yi jika ba ki koyi shiru ba."

A ƙofar gida, wurin maza, an ce ba ƙarya suka yi ba, rabin magana suka yi. "Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, kullum yana sahun gaba, sai dai..." Su bar "sai dai" ɗin a rataye, kowa ya sunkuyar da kai ya ja carbi.

Waɗanda suka yi kuka na gaske suna tsallaken titi, a gindin dogon-yaro: makaɗa, mawaƙa, masu bege, da wasu tsofaffin mata masu kiɗan ƙwarya. Ba wanda ya kore su. Ba kuma wanda ya shimfiɗa musu ko buhu. Na naɗe tabarmar da nake zaune a kai, na ɗora a ka, na ratsa ta cikin maza na kai musu. Wanda ya ga rashin kunya a ciki, ya gani.

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, a nan ba gardama. Amma tsakanin zuwan da komawar mutum yana yin wani abu, kuma abin da yayan mahaifiyata ya yi yana da suna. Mai haɗa sauti ne. Situdiyo gare shi a Gidan Igwai, ɗaki guda a bayan rumfunan masu abinci, ya lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai. A nan yake ɗaukar muryar mutane da kiɗansu, ya gyara, ya daidaita, har abin ya zama wanda za a saurara. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Duk aikin rayuwarsa yana cikin wani ɗan baƙin akwatin ajiya da ake jona wa kwamfuta, bai fi sabulun wanki girma ba. A bayansa ya manna farar takarda, ya rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe: GOGE. Babban ɗansa, taubashina, mai fataucin shanu a Kara, ya gani ya ce wasiyya ce, Baba ya ce a goge komai. Ni na ce sunan abin kiɗa ne. Zan zo kan wannan. Ku fara sanin wanda ake son gogewa.

Gidanmu gidan mahauta ne, kaka da kakanni. Masu jin kunyar kiɗa a cikinmu yau sun manta da kalangu aka yi tallar naman da ya gina ɗakunan da suke kwana a ciki. Mahaifiyata ta ce tun Kawu yana ƙarami, in an kai shi rumfa, ba ya kallon yadda ake fiɗa, hannun makaɗi yake bi da ido. Wuƙa ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta. Ya fara da rakoda mai kaset, yana bin gidajen biki. Ya koma babban inji mai maɓallai kamar haƙoran kada. Kwamfuta ta zo masa gemunsa ya riga ya yi fari. Tsaransa suka ce aiki ya mutu, suka rufe shaguna. Shi ya sayi tabarau.

Ni a lokacin mijina ya rasu, yara sun kama gabansu, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gefen kaina. Da rana ina sayar da tuwo a Gidan Igwai, kusa da shi. Matan da ke zuwa ɗaukar waƙa ba sa shiga ɗaki da namiji su kaɗai, sai ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, rufe tukunyar ga ki taho ki zauna muna." Haka na zama mai zaman ɗaki. Daga zama na fara haɗa baƙin da ke jikin allon kwamfuta, don in gwada karatuna. Daga haɗa baƙi ya ɗora mini abin saurare a kunne.

A nan na san fulogin. Ga wanda bai sani ba, ƙananan manhajoji ne da ake saƙalawa a kan murya ko kiɗa a cikin kwamfuta, kowace da aikinta. Kwamfutar Kawu cike take da su, amma waɗanda yake taɓawa ba su da yawa. Sunayensu na Turanci sun gagare ni, sun gagare shi, sai ya yanka musu rago ya raɗa musu namu.

Akwai rariya. Ita ce mai tace murya, ta fid da gurnani daga ƙasa, ta rage tsinin da ke sukan kunne daga sama. Akwai akala, ta mawaƙin da in ya hau sai lasifika ta yi kuka, in ya sauko sai ka kasa kunne. "Riƙewa za ki yi, ba fizga ba," in ji shi. "In mai saurare ya gane an ja, kin ɓata aiki." Na yi watanni ina fizga. Ba ya faɗa, sai dai ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce, "Sake."

Akwai tsintsiya, mai share hayaniya: ƙarar janareta, hon ɗin keke-napep, kukan akuya. Yana aiki da ita, amma bai taɓa amince mata ba. Wata rana mun ɗauki wasu mata uku suna waƙar daka, da turminsu da taɓarensu. Ya sa tsintsiya don ta kwashe ƙarar titi. Da muka saurara, titi ya tafi, taɓare ma sun tafi. Mata suna ta nishi suna waƙa, ba abin da suke dakawa. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin gani? Wanda yaƙ ƙera ta bai taɓa jin daka ba. Gare shi turmi hayaniya na." Tun daga ranar, duk abin da ya ɗauka sai ya ajiye ɗanyensa a gefe, ba shara, ba yanka, kafin ya taɓa shi.

Sai wadda ya tsana, mai miƙar da muryar da ta kauce. Ita ya raɗa wa suna bilicin, irin man nan na sauya launin fata. In samari sun zo sun nace, yakan shafa musu, yana ɓata rai kamar mai ba da maganin da bai yarda da shi ba. Amma tsoho ko tsohuwa, ko ɗan gida, ko kusa.

A kanta muka yi faɗa. Da za a yaye ajinmu, na tsara wa matan ajin waƙa, ni na rera. A baiti na ƙarshe muryata ta fashe kamar ta zakara mai mura. Na ce ya shafa mini kaɗan.

"Ba ni shafawa."

"Kawu, jiya na gan ka ka shafa ma wani yaro har ya koma kamar aljani."

"Shi bai da abin ɓatawa. Ke kina da."

"Mata za su yi man dariya."

"Wurin da taf fashe nan ne kinka tuna mijinki bai ga ranag ga ba. Ina jinki. In na shafe wurin, mi yar rage? Wata mata mai murya, wadda ban sani ba."

Na tattara zanena na fita. Na daina kai masa tuwo. Damina ta shiga ta fita muna gaisuwar nesa. Shi ya fara saukowa, ya zo rumfata ya zauna a benci kamar baƙo, ya ce a zuba masa na miyar kuka. Bai ba ni haƙuri ba, ban ba shi ba. Kuma har gobe ina nan a kan bakata: da ya shafa mini ɗan kaɗan, da sama ba ta faɗo ba. Matan sun yi dariyar. Sun kuma yi kuka, amma sun yi dariyar.

Wadda ya fi so duk cikinsu ita ce zaure, mai ba murya amsa-kuwwa, ka ji kamar a cikin wani ɗaki ake waƙar. Tana zuwa da ɗakunanta: manyan majami'u, kogo, ɗakin taro na wata ƙasa. Kawu ya saurare su ya ce duk sanyi gare su, muryar Basakkwace ba ta san kowa a can ba. Sai ya gano ana iya ciyar da ita ɗakin da mutum yake so, in an ɗauki ƙara mai kaifi a cikinsa.

A shekarar ne aka yanke shawarar rushe tsohon zauren gidanmu na ƙasa, mai baka da azara, a gina shagunan bulo. Kawu bai yi gardama ba, ya san ba za a ji ba. Ana saura kwanaki, da hantsi, sai ga shi da makirfo da jakar balan-balan irin na yara. Ya kori kowa, ya tsaya a tsakiyar zaure, dattijo da gemu, yana hura balan-balan yana fasawa da allura. Fau! Ya yi shiru ya kasa kunne. Ya matsa lungu, ya hura wani. Fau! Mata suna leƙe ta ƙofa. Inna ƙarama ta kama haɓa ta ce, "Shi ke nan, sun taɓa shi." Ya juyo ya ce, "Ku yi man shiru, zaure na magana."

An rushe zauren. Yau ana sayar da katin waya da taliya a wurin. Amma duk muryar da ta fito daga hannun Kawu bayan nan, a cikin zauren kakanmu take waƙa. Na sha ganin mutanen gidanmu suna jin begen da ya haɗa a waya, suna cewa, "Wanga abu yana da daɗin ji, kamar gida." Ba su san gidan ba ne da kansa. Wannan zauren ma yana cikin akwatin. Ba shi da wani wuri a duniya.

Yanzu gogen. Akwai wani tsoho a bayan Ƙofar Atiku, makaɗin goge ne a zamaninsa. Ido ya tafi, 'ya'yansa sun hana shi kiɗa, sun rataye gogen a ɗakin kaji. Mutane suna wuce shi a ƙofar gida ba sallama, kamar tsohon turmi. Kawu ne kaɗai ke zuwa. Ya sa aka ɗaure wa gogen sabuwar izga, ya riƙa ɗauko tsohon a keke-napep, ya riƙe masa hannu har kujera. Hannun yana rawa. Wani lokaci ya ja, sautin ya zame. Na ce, "Kawu, wa zai saurari wanga?" Ya ce, "Shi." Da suka gama, ya ɗora wa tsohon abin saurare a kunne, ya kunna masa kiɗansa da amsa-kuwwar zaurenmu. Tsohon ya saurara har aka kai ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe ina nan." Bai ƙara damina biyu ba ya rasu. Aikinsa ne farkon abin da aka zuba a sabon akwatin, shi ya sa aka rubuta sunansa a baya. Sauran aiki daga baya ya bi shi ciki.

Kawu ya yi jinya mai tsawo, ta ƙirji. Ya yi ta a zaune, da carbi a hannu ɗaya, kwamfuta a gabansa. Yana yawan istigfari, kamar kowane mai hankali da ya ga hanya.

Bayan an watse daga zaman makoki, taubashina ya kira ni situdiyo da rana, ya ce in zo in nuna masa yadda ake shafe abin, tunda ni na san kan na'urar. Na same shi tsaye da akwatin a hannu. Tsakaninmu akwai wasa tun muna yara, amma ranar fuskarsa ba wasa. Duk da haka ya gwada.

"Yaya, ke da kinka yi boko da hurhura, karanta man. Mi anka rubuta nan?"

"Goge."

"To."

"To mi, sarkin shanu? Gogen tsohon nan na, na bayan Ƙofar Atiku."

"Ko kuma a goge."

"Ina 'a' ɗin? Kura ta cinye?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kujerar ubansa, ya ajiye akwatin a cinya. Ya ce, "Yaya, na san tsohon. Ni na taɓa mai da shi gida da mota. Ban ce ban sani ba." Ya juya akwatin a hannu. "Ba ni iya barci. Duk sadda na tuna wani na iya danna abin ga ya ji kiɗi, sai in ji kamar ana ƙara ma Baba nauyi inda shike. Na ga kalmag ga, na ce ko Allah ne yab ba ni ƙofa."

Nan na gane ba da jahili nake magana ba, da ɗa nake magana. Ya fi wuya.

Ni ba malama ba ce. Na ji malamai sun yi magana a kan kiɗa, na ji wasu sun yi wata, ban isa in raba su ba. Ba kuma zan rantse a kan abin da ke zuciyar mamaci ba. Abin da na sani na faɗa masa: mutumin da ya iya shafe komai da yatsa guda, ya yi watanni a zaune da akwatin a gabansa, da hankalinsa, da tsoron Allahnsa, bai shafe ba. Ba ya bukatar barin wa mai shanu saƙo.

Ya ce duk da haka.

Na ce, "To. Kai ko saniya za ka kai mayanka sai ka duba ta. Zauna ka ji abin da za ka kashe. In ka gama, ni da hannuna zan nuna maka inda aka dannawa."

Na jona akwatin. Ban zaɓo masa bege ba, ban zaɓo masa waƙar daka ba, don kada ya ce na yi masa wayo. Gogen na buɗe, ɗanyensa, wanda ba a share ba. Ni kaina ban taɓa jin sa haka ba, gyararren na sani.

Sautin ya cika ɗakin, yana rawa, yana zamewa, yana tashi. Taubashina ya kafa ido a ƙasa. Aka yi nisa. Sai daga can baya, ta cikin soso da kwalin ƙwai, kiran sallar la'asar ya kutso. Sai murya, kusa da makirfo, kamar a kafaɗarmu:

"Tsaya, tsaya, malam. An yi kira. Aje gogen mu tai mu yi salla. In mun dawo ka ɗauko daga inda kak kuskure."

Tsohon ya ce, "Ni ban kuskure ba."

"Ka kuskure. Amma ya yi daɗi."

Suka yi dariya su biyu. Kawu ya manta bai tsai da na'ura ba. Muka ji jan kujera, muka ji yana cewa, "Kawo hannunka, akwai waya nan." Ƙarar buta. Zubar ruwa a bakin ƙofa. Ɗan tarin nan nasa. Takalmansa suna ja, suna nisa.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar muryar mutane bai taɓa tsayawa gaban makirfo ba. Ko saƙon murya ba ya aikawa a waya, wai wayar tana shaƙe mutum. Duk gidanmu ba mai muryarsa. Tana nan ne kaɗai, a tsakanin waƙa da waƙa, a cikin abin da ake kira datti.

Taubashina ya rufe fuska da hula. Da ya ɗago ya ce, "Mai da baya." Na mayar. Ya sake ji. Ya share ido da bayan hannu, ya gyara murya irin ta ciniki.

"To, ga abin da za a yi. Yanko man wurin ga kaɗai, daga kiran salla zuwa takalma. Ki sa man a waya, in kai ma ƙannena. Sauran a goge."

Na san yadda ake yi. Aikin ƙiftawar ido ne. Kuma na san in na yi, zai tafi da uba mai kyan nunawa, mai tashi salla, wanda ba a san me ya ajiye ba kafin ya tashi.

Na ce, "Ba ni yankawa."

"Yaya, ubana na hwa."

"Kawuna na. Kuma 'aje gogen' yac ce. In ka cire gogen, mi shika cewa a aje? Wa shika ja ma hannu? Da kiɗin da kiran ɗaki guda sunka same shi, haka yar rayu. In kana son ubanka, ɗauke shi duka. In ba ka iyawa, bar shi inda za a iya."

Ya ce ni mai taurin kai ce, tun muna yara haka nake. Na ce ai bai ga komai ba. Na ce masa kuma, tunda nauyi yake tsoro, daga yau ba mai danna wannan akwati sai yatsana. In akwai abin rubutawa, mala'iku sun san sunana, sun san rumfata.

Ya tashi ya fita. Bai ɗauki akwatin ba.

Akwatin yana ɗakina yanzu. Ƙannen taubashina sun aiko, Inna ƙarama ta aiko, amsar guda ce: ƙofata a buɗe take, duk mai son jin muryar Kawu ya zo, amma daga farko nake sawa. Taubashina ya zo, ya sake zuwa, in ya taso daga Kara, da ƙurar shanu a ƙafarsa. Ba ya cewa ya yarda. Bai kuma ƙara cewa a goge ba. Yakan zauna a bakin ƙofa, ya juya mini baya, ya haƙura da gogen tsoho tun daga jan farko, har a kai inda ubansa zai ce a tsaya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya yafe masa inda ya kuskure, Ya haɗa shi da tsohon da ya ja wa hannu a inda ba makanta. Hukuncinsa yana wurin Wanda Ya ji komai, ɗanye, tun ba a gyara ba. Ni 'yar mahauta ce, na tashi cikin wuƙaƙe, amma ba ni da wadda zan raba wannan mutum biyu da ita.